Tiren duwatsuna da kyautar sallar bana

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya ibada, ya ƙishirwa? Allah ya karɓa mana ya sa muna cikin 'yantattun bayi. Yau azumi sha bakwai, kuma tun da aka kai goma na fito da tirena, wani tsohon tiren silba ne da ya zo cikin kayan jerena, na shimfiɗa masa farin tawul dan kar duwatsu su dinga gangarewa ƙasa, kullum idan an idar da asuba yara sun koma bacci sai in jawo shi bakin taga in zauna da lazimina har gari ya ɗan waye sannan in fara. A kansa nake haɗa kyautar sallah ta mutanen gidanmu, abin hannu ne, ɗan kunne ne, 'yar siririyar sarƙa ce, sai carbi na maza. Bana mutum goma sha huɗu na rubuta a takarda, na gama na tara saura biyar.

Ba sana'a bace a wajena, bana siyarwa, duk da ana yawan ce min in fara. Abin ya samo asali ne shekarar korona, 2020, lokacin da aka kulle Kano a watan Afrilu azumi ya shigo muna zaune a gida, ba tafsiri ba ziyara, kasuwa sai ranar da aka ɗan sassauta, hawan sallah ma ba'a yi ba a shekarar. Ina gyaran durowa na ci karo da wani gwangwanin alawa da Hajiyarmu ta bani tun ina amarya tace in ajiye mata, na buɗe naga tarkacen kayan ado ne na da, ɗan kunne wari ɗaya, zoben azurfa da ya yi baƙi, sai wasu jajayen duwatsun murjani a warwatse zarensu ya tsinke ya ruɓe. Na wanke su da ruwan ɗumi na shanya a kan tsumma, bani da komai na aikin a lokacin, zaren ɗinki na ninka huɗu na goga masa kyandir na zura su ɗaya bayan ɗaya da allura. Ranar jajibere na bawa ƙanina ya kai mata a cikin ambulan. Da yamma ta kirani a waya, na gaisheta tayi shiru har na zaci layi ne ya yanke, can sai tace "ke, kinsan na waye wannan?" nace a'a Hajiya, tace na Innarta ne, da shi aka kaita ɗaki, kuma rabonta da ganinsa a jere tun kafin a haifeni. Wallahi har yau idan na tuna muryarta a ranar sai naji wani abu ya tsaya min a maƙogwaro.

Toh daga nan ne. Shekara ta zagayo na shiga kasuwa na siyo filaya da zare na gaske, na dinga kallon bidiyo a YouTube ina ɓatawa ina kwancewa ina sakewa, har hannuna ya faɗa.

Abin da nake son faɗa a nan shine ni ƙananan abubuwa nake yi, marasa nauyi, kuma da gangan nake yin hakan. Duk mun san irin manyan set ɗin bid da ake yi na biki, mai hawa uku hawa huɗu da ya cika ƙirji, suna da kyau a hoto ba musu, amma tsakani da Allah sau nawa mace take sa shi? Ranar kamu ko dina, shikenan ya koma akwati sai wani bikin. Ni kuma so nake idan na bawa mutum abu ya zauna a jikinta, ta sa shi ranar idi, ta sa shi ranar hawan Daushe, sallah ta wuce ta tafi makaranta ko ofis ko gidan suna da shi. Mu da yawancinmu cikin hijabi ko mayafi muke fita, wuyan ma ba ganinsa ake ba sai an shiga cikin gida an cire, abin da yake fitowa shine tsintsiyar hannu da yatsu, gefen ƙunshi. Siririn abin hannu mai duwatsu 'yan mitsi-mitsi a kan jan lalle, ni dai ban ga abin da ya kaishi kyau ba. Kuma baya hana alwala, ɗan tura shi sama kawai zaki yi, baya kama zaren leshi, baya ƙara idan kina aiki.

Sai dai kar ki ɗauka ƙaramin yafi sauƙi. A babban set idan kin yi kuskure yawan duwatsun zai rufa miki asiri, a siririn abu kuwa komai a fili yake, ƙulli ɗaya ya fito ko dutse ɗaya ya fi 'yan uwansa girma nan take ido zai sauka a kansa. Shi yasa nafi daɗewa wajen zaɓe da tsincewa akan zurawar kanta.

Siyayya ina yinta ne tun cikin Sha'aban, dan duk wadda ta taɓa shiga kasuwa a goman ƙarshe da azumi a bakinta ta san abin da nake gudu. Wuri biyu nake zuwa. Kayan ƙarfe, wato maɓalli da ƙugiyar ɗan kunne da waya da sitofa (ɗan ƙarfen da ake matsewa ya riƙe bakin waya), a kasuwar Sabon Gari nake samu. Duwatsu kuma nafi son in shiga Kurmi, ba wai dan arha kaɗai ba, ni dai ina son kasuwar nan, lungunanta ƙanana da ƙamshin fata da kayan yaji, kasuwar da tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, shi da ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kiyi tunanin yawan matan da suka tsuguna a wajen suna juya dutse a tafin hannu kafin mu. Akwai dattawan da suke da tsofaffin duwatsu a rataye, idan kika zauna kika gaishesu da kyau baki nuna sauri ba zasu fito miki da abin da basu baza a gaba ba. A wajen wani dattijo na fara riƙe dutsen lantana a hannuna, ja ne mai duhu kamar makuba, da santsi da sanyi, shi wannan a Ilorin aka shahara da fere shi da huda shi, ɗanyen dutsen kuma fatakenmu Hausawa ne suke kai musu. Haka duwatsun gilashi na Bida, can ƙasar Nufe a jihar Neja, unguwar Masaga, inda suke narka tsofaffin kwalabe a wuta su naɗe a jikin ƙarfe su fitar da dutse ko ƙarau, babu guda biyu da zaki samu sun zama iri ɗaya sak. Irin waɗannan bana siyan da yawa, uku ko biyar sun isheni, ɗaya nake sawa a tsakiyar sarƙa sauran duk ƙananan duwatsu marasa hayaniya su raka shi. Dutse ɗaya mai asali yana ɗaukar sarƙa gaba ɗaya.

Ƙananan kuwa, waɗanda muke ce wa 'yan yashi, suna da lamba, kuma lambar a juye take, idan ta ƙaru dutsen ƙanƙancewa yake. 6/0 manya ne, 8/0 matsakaita, 11/0 sune ƙananan da nafi amfani da su. Na Japan irin Miyuki da Toho da na ƙasar Cek irin Preciosa girmansu ɗaya ne kamar an auna, amma da tsada kuma ba ko yaushe ake samu ba, na Sin ɗin da suka cika kasuwa suma suna yi, kawai ki sa a ranki zaki zauna ki tsince, ki ware masu karkataccen baki da waɗanda hudarsu ta toshe. Sai kiristal da lu'ulu'un gilashi, su da milimita ake faɗarsu, 3, 4, 6, 8. Ni daga 4 bana wucewa a abin hannu sai dai na tsakiya.

Abu biyu nake yi kafin in biya kuɗi, kuma bana jin kunyar yinsu a gaban mai kaya. Ina tafiya da ɗan farin hankici a jiƙe a leda, in goga a jikin dutsen, idan kala ta fito a hankicin toh rini ne a sama, zufar zafin nan na Maris da Afrilu zata wanke shi a wuyan mutum ta ɓata mata riga. Na biyu ina duba bakin hudar, in zura zare in ja shi gaba da baya sau da yawa in ga ko zai ci shi. Wannan na biyun da kuka na koye shi.

Sallar 2022 na yiwa ƙanwata autarmu sarƙa, kiristal ruwan omo ƙanana da farin lu'ulu'u guda ɗaya a tsakiya, daidai da leshin da Baba ya yi mata, tayi murna har tana tsalle. Da zaren kamun kifi na yi, mai kaurin milimita 0.25, ban san bakin kiristal mai arha kaifi gareshi kamar reza ba. Ta sa ta tafi masallacin idi, ana cikin turmutsutsun fitowa wata ta ɗan ja mata mayafi sai ji tayi abu ya zubo mata cikin riga, kafin ta ankara duwatsu sun watse a ƙasa mutane suna takawa. Ta dawo gida da lu'ulu'un nan guda ɗaya a dunƙule a hannunta idonta ya yi ja, wai tsoro take kar ince bata kula da shi ba. Ni kuma abin da ya dameni kenan, yarinya ranar sallah tana bani haƙuri akan laifin da ba nata ba. A daren na zauna na sake mata wata, kuma tun daga ranar duk abin da yake da kiristal ko dutse mai nauyi da wayar nan mai rufin roba nake yinsa, wadda 'yan kasuwa suke ce wa taiga tel, siraran wayoyi ne aka murɗe aka lulluɓe da roba, mai kaurin milimita 0.38 ko 0.45. Zaren kifi na barshi ga 'yan yashi kaɗai.

Kayan aikin ba wasu masu yawa bane, filaya mai zagayayyen baki ta lanƙwasa waya, filaya mai faffaɗan baki ta matsewa, da ta yanka, sai tef ɗin awo irin na tela. Kar ki yanka waya da almakashin ɗinkinki, zai dakushe a rana ɗaya.

Bari in faɗi yadda nake abin hannu tunda shi aka fi tambayata. Farko awo, kuma a nan duk sirrin yake. Tsintsiyar hannun yawancin manyan mata tana kamawa daga santimita 15 zuwa 17, sai ki ƙara ɗaya da rabi a kai dan ya samu wurin motsi, na yara 'yan firamare kuma 13 zuwa 15 ya isa. Amma ni bana son kintace, so nake in san hannun mutum. Toh kinsan kyauta ce bana so a sani, dan haka dabara nake, wata in ari awarwaronta ince zan gwada in auna a ɓoye, wata in kama hannunta muna hira in zagaye da yatsuna in riƙe inda suka tsaya a raina, yayata kuwa 'yarta na sa ta auno min da zare tana bacci. Idan duk ya gagara sai in sa 'yar jelar sarƙa ta santimita 3 a ƙarshe yadda mai shi zata matsa ko ta sassauta. Da duwatsu masu milimita 4, wajen guda arba'in ne suke cika hannu ɗaya idan kin cire tsawon maɓalli.

Sai in yanki waya in ƙara kamar santimita 10 akan awon saboda kamawa. In zura sitofa, wato ɗan mitsitsin ƙarfen nan mai huda, in zura maɓalli, in dawo da bakin wayar ta cikin sitofar, in matse da filaya sosai sannan in ja da ƙarfi in tabbatar ta kama. Ragowar jelar wayar ba'a yanke ta a gindin sitofa, cusa ta ake cikin duwatsu uku ko huɗu na farko ta ɓuya, in ba haka ba zata dinga sukar fata. Sai jerawa. Kafin ki matse ɗaya bakin, nan ne mutane da yawa suke kuskure, ki lanƙwasa abin ya yi zagaye kamar yana hannu tukunna, dan idan kika matse shi a miƙe zai sandare ya ƙi kwanciya, duwatsun su dinga cizon juna har wayar ta gaji. 'Yan zobban haɗi kuma gefe da gefe ake murɗa su a buɗe, ɗaya baki ya yi gabanki ɗaya ya yi baya, ba'a wage su, idan kika wage bazasu koma daidai ba har abada.

Na roba yafi sauri, shi nake wa tsofaffi da yara saboda ba ruwansu da fama da maɓalli. Zaren roba mai kaurin milimita 0.8 nake so, in ja shi in saki sau da yawa kafin in fara dan ya gama miƙewarsa tun yanzu ba sai a hannun mutane ba, in gama in yi ƙulli in sake zagayawa sau biyu a na biyun, in ɗiga masa jan farce marar kala in jira ya bushe in ja ƙullin cikin dutse mai faɗin huda. Sufa gulu kam a'a, busar da robar yake ta zama kamar ƙirare ta karye.

Sarƙa kusan duk ɗaya ne da abin hannu, tsawo ne ya bambanta. Santimita 45 ita ce take sauka daidai ƙasan ramin wuya, tafi dacewa da yawancin ɗinkunanmu, 40 tana kama wuya, ta 'yan mata ce. Amma ki fara sanin wuyan rigar sallarta, idan mai tsayayyen wuya ce ko an cika ta da aiki da duwatsu toh ki haƙura da sarƙa kiyi mata ɗan kunne. Ni har ƙyallen atamfar nake roƙa a wajen tela in tafi da shi kasuwa a jaka. Kuma bana ɗaukar kalar da tafi yawa a jikin atamfar, wadda tafi ƙaranci nake nema, ɗan ɗigon ruwan goro ko ruwan zuma da yake ɓoye a cikin zanen, idan kika fito da ita a kunne sai kiga atamfar ta tashi gaba ɗaya.

Ɗan kunne shine mafi saurin gamawa, minti goma sha biyar ya isa, fil mai kai zaki zura wa dutse ɗaya ko biyu, ki lanƙwasa wayar a saman dutsen ta kwanta gefe, ki yanke ki bar kamar santimita ɗaya, ki naɗe da filaya mai zagayen baki ta zama zobe, ki rataya a ƙugiya. Wahalarsa ɗaya, na biyun ya fito daidai da na farkon. Amma maganar da nafi so a ji akan ɗan kunne ita ce ta ƙarfen. Kin san matan da suke cewa su kunnensu baya son fashion sai gwal, da sun sa sai ƙaiƙayi da ruwa da kumburi? Ba iyayi bane, gaskiya suke faɗa, yawanci wani ƙarfe ne da ake kira nikel da ake haɗawa a kayan arha, jikin wasu baya shiri da shi, kuma idan jiki ya fara ƙinsa toh ya ƙi kenan. Goggona haka take, shekaru ta haƙura da ɗan kunne tun da ta siyar da na gwal ɗinta ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta. Da na samo mata ƙugiyar azurfa mai tambarin 925, ma'ana kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce zalla, na rataya mata farin lu'ulu'u ɗan ƙarami, ta sa kwana uku tana jiran ƙaiƙayi shiru. Yanzu ko wanka bata cirewa. Idan azurfa ta yi miki tsada ki nemi sitenles, yawancin mutane yana zama musu lafiya. Shi kuma koren da yake fitowa a fata idan an sa zobe ko abin hannu mai ruwan gwal, tagullar da take ƙasa ce take haɗuwa da zufa bayan ruwan ya goge, ba ciwo bane amma ba daɗin gani.

Kuma dan Allah idan kin bayar ki haɗa da bayani, mu mata da turare kin san halinmu. Humra da turaren fesawa suna cinye ruwan gwal suna dusar da lu'ulu'u, a fara shafa mai a sa turare a tsuguna kan kasko a gama, sannan a ɗauko kayan ado a ƙarshe.

Maza kuwa tunda gwal bai halatta garesu ba kuma ba sarƙa zasu sa ba, carbi nake musu. Baba mai ɗari ba ɗaya nayi masa bara da duwatsun katako masu milimita 6, maigidana da ƙannena mai talatin da uku da milimita 8 wanda zai shiga aljihun kaftani. Shi carbi da zaren lilo mai ƙarfi ake yi a ninka biyu, kuma a bar sarari kamar faɗin yatsa biyu yadda duwatsun zasu dinga gudu a hannu, carbin da aka matse ba ya jawuwa. Baba ba mutum ne mai yawan magana ba, da na miƙa masa ya jujjuya shi yace "Allah ya yi miki albarka" ya sa a aljihu, shikenan. Amma ranar da naje gida bayan sallah da wata biyu na tarar da shi a kan buzunsa bayan magariba, shi ne a hannunsa, har katakon ya fara sheƙi saboda ja.

Yara ƙanana 'yan ƙasa da shekara uku bana musu komai, ko uwar ta roƙa. Komai baki suke kaiwa, dutse ɗaya ya isa ya shaƙe yaro ko ya tura shi a hanci, ni kaina idan na tashi daga aiki sai na share wajen sau biyu na ɗora tiren saman wadirof.

Akwai wadda ta taɓa ce min, kuma ba da mugun nufi ba, wai ni da Allah ya rufa min asiri me zai hana in siyi turmin atamfa in bayar a wuce wajen, wannan ai kamar kayan wasan yara ne. Na daɗe ina juya maganar. Gaskiya ne kuɗin da nake kashewa mutum goma sha huɗu bai kai na turmi biyu masu kyau ba a yadda kaya suka yi tsada yanzu, kuma bana ɓoyewa hakan yana cikin dalili, bana son sallah ta wuce ta barni da bashi kamar yadda ake faɗa. Amma ba shi kaɗai bane. Turmi kowa zaki iya bawa, ki siyo goma iri ɗaya ki rarraba. Wannan kuwa kafin in yi shi sai na zauna na tuno mutum, wace kala take so, hannunta siriri ne ko mai kauri, tana aikin ruwa da yawa ne, kunnenta yana ciwo ne, tana takaba ta fita kwanan nan ne bata son abu mai ƙyalli. Ina zurawa ina mata addu'a da azumi a bakina. Annabi (SAW) yace ku yiwa juna kyauta zaku so juna, kuma ya ce da mu mata musamman kar maƙwabciya ta raina abin da zata bawa maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Kuma ina yawan tuna hadisin nan na ranar idi, da ya gama huɗuba ya taho wajen mata tare da Bilal ya yi musu wa'azi ya umarce su da sadaka, suka dinga ciro 'yan kunnensu da zobbansu suna jefawa a cikin tufar Bilal. Kenan da adonsu suka je idi, kuma da aka nema a take suka cire suka bayar. Duk sanda nake lanƙwasa ƙugiyar ɗan kunne sai matan nan sun faɗo min a rai.

Wadda nafi jin tsoron yiwa ita ce surukata, Hajiya babba, mace ce mai gwala-gwalai na gaske tun na Makka, sai da nayi shekara biyu ina yiwa kowa banda ita, ina ganin me zan kai mata. Bara dai nayi ƙundunbala, nayi mata abin hannu na roba da baƙaƙen duwatsu ƙanana da dutsen Bida guda ɗaya kore a tsakiya, na bawa jikarta ta kai. Yarinyar ta dawo da tukwici a hannu da saƙo, wai ince da mamanku ashe tana yiwa kowa ni ce bata yi wa, toh na gode, amma na bara da na bara waccan ina binta. Bana nata na fara gamawa, guda biyu.

Naɗewa ba wani abu nake ba, ragowar ƙyallen atamfa nake yankawa da faɗin tafin hannu in ɗinke 'yar jaka in zura zare a baki, ɗan kunne kuma in huda ɗan kwali in maƙala. In rubuta sunan mai shi da barka da sallah da hannuna in jefa a ciki. Ranar jajibere idan yara zasu kai cincin da dubulan gidaje sai kowace jaka ta bi kwanonta.

Cikin biyar ɗin da suka rage min akwai ta maƙwabciyata da ta tare watan jiya, har yanzu ban samu na ga hannunta da kyau ba kullum cikin dogon hijabi take, ina jin gobe idan na kai mata kunun buɗa baki zan ɗan zauna. Sai ta babbar 'yata. Lokacin da na jera wa Hajiya murjanin Innarta guda uku sun ƙi shiga saboda allurar ta musu kauri, na mayar da su gwangwani, daga baya na faɗa mata tace in riƙe. Suna nan tun 2020 na kasa sa su a komai. Toh bana yarinyar nan shekararta goma, kuma ita ce shekarar farko da ta ɗauki azumi tun daga ɗaya bata sha ko guda ba, jiya da la'asar har kwanciya tayi a kan tayil saboda zafi nace ta sha ruwa ta ƙi. Na riga na yanka wayar, santimita 38, da ƙananan fararen 'yan yashi, murjani ɗaya zai zauna a tsakiya. Biyun zan mayar gwangwani, tana da ƙanne mata biyu.